TAFKUNAN DA KE KEWAYE DA KANO: GA RUWA, INA BAƘI?

Duk shekara idan Salla ta ƙarato, tashoshin mota na Agege da Mile 12 a Legas, da ta Ojoo a Badun, sukan cika maƙil da 'yan Arewa masu haramar tafiya gida. Mutum ya shekara yana fama a Kurmi, ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa, ya kwana a bisa hanya, ya sauka Kano lafiya. An sauko daga Idi, an gaisa da dangi, an ci tuwon Salla. To, a rana ta biyu ko ta uku sai yara su tasa shi gaba da tambaya guda: ina za a kai su? Yawancin magidanta amsa ɗaya gare su, watau gidan namun daji na Audu Bako, inda cunkoson ranar Salla kan sa uba ya riƙe hannun ɗansa tun daga bakin ƙofa har a fito, don gudun kada ya ɓace a cikin jama'a.

A da akwai hawan Salla, wanda shi ne babban abin da ke jawo baƙi zuwa Kano daga ciki da wajen ƙasar nan. A watan Disamba na 1924 ba wanda zai yi zaton haka, amma shekara ɗari bayan nan, a Disamban 2024, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Sai dai kuma rigimar sarautar Kano ta sa 'yan sanda suka hana hawa a Babbar Sallar 2024, suka sake hanawa a Ƙaramar Sallar 2025. Masu masauki da masu motocin haya da 'yan tireda duk sun ji a jikinsu, kuma abin ya nuna a fili cewa harkar baƙi a Kano da ƙafa ɗaya take tafiya. Ran da ƙafar nan ta yi targaɗe, sai a zauna.

Abin mamaki shi ne, birnin da ake kuka da rashin wurin shan iska a cikinsa, tafkuna ne suka kewaye shi ta kowace kusurwa. A kudu akwai Tiga da Bagauda da Ruwan Kanya. A kudu maso yamma akwai Challawa a ƙasar Ƙaraye. A arewa maso yamma akwai Watari a Bagwai, a arewa akwai Thomas wajen Dambatta, a arewa maso gabas kuma akwai Wasai a ƙasar Minjibir. Yawancinsu tafiyar awa ɗaya zuwa biyu ce a mota daga cikin birni. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, me ya hana wannan ruwa zama wurin da magidanci zai kai iyalinsa ya wuni, kuma me ake bukata kafin hakan ya yiwu?

GADON AUDU BAKO

Tafkunan nan ba na Allah-da-Annabi ba ne, hannun mutum ne ya tare koguna suka taru. Tushen aikin yana komawa ga Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako, wanda ya yi Gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Ya lura cewa jihar tana da yawan jama'a da ƙasar noma, amma damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara kuwa majiya ƙarfi sai su watse ci-rani. Saboda haka ya duƙufa wajen datse koguna. An gama madatsar Bagauda wajen 1970, aka ba ta sunan Bagauda, Sarkin Kano na farko a cikin tarihi. Daga nan aka kama babban aiki, watau Tiga, a kan Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974, daidai lokacin da babban farin nan na 1973 ya addabi Arewa ya kashe dabbobi ba iyaka.

Tiga tana kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Bangonta na ƙasa ya kusa kilomita 6 a tsawo, ruwanta ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178, kuma a lokacin da aka gina ta tana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 2,000. Wanda ya tsaya a gaɓa ɗaya, a wasu wurare da ƙyar zai hango ɗaya gaɓar. Watari an gama ta a 1980. Challawa kuwa Gwamnatin Tarayya ce ta gina ta, kamfanin Julius Berger ya kammala aikin a 1992, tana ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900.

Manufa ta farko ita ce noman rani da ruwan sha. Daga Tiga ne babbar magudanar ruwa ta taso, ta bi ta Ruwan Kanya, ta shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara hekta 22,000 a kashi na farko na shirin noman rani na Kogin Kano. Ɗan kasuwar da ke sauke kwandunan tumatir a Mile 12 cikin sanyin hunturu ya san sunayen garuruwan nan sarai, domin wani kaso mai tsoka na kayan da ke hannunsa da ruwan Tiga aka noma shi. Haka nan ruwan da ake saki daga Tiga da Challawa shi ke isa matatun ruwa na Tamburawa da Challawa, waɗanda birnin Kano ke sha daga gare su.

Amma fa Audu Bako bai tsaya ga noma kaɗai ba. Ya yi tunanin baƙi. Gwamnatin Kano ta gina babban otal a bakin tafkin Bagauda, ta gina wani a bisa dutse yana kallon tafkin Tiga, wanda aka sa wa suna Rock Castle. Kudu da Tiga kuma ga dajin Falgore mai namun daji. Nufin shi ne baƙon da ya sauka filin jirgin saman Kano ya ga birni da ganuwa da marinar Ƙofar Mata, sa'an nan ya fita ya kwana biyu a bakin ruwa kafin ya koma.

YADDA OTAL-OTAL SUKA MUTU

A shekarun 1970 da farkon 1980 sunan Bagauda ya kai ko'ina a ƙasar nan. Nan ake yin manyan tarurrukan gwamnati da na masana, har ma wani taron masana ilmi da aka yi a wurin a 1980 an ci gaba da kiransa taron Bagauda a cikin littattafai. Turawa da Kwarori masu aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa sukan fita can hutun ƙarshen mako. To, me ya faru?

Dalili na farko shi ne, otal-otal ɗin nan na gwamnati ne, kuma babban mai cinikinsu ita ce gwamnatin. Muddin kuɗin man fetur na shigowa, ana shirya taro, ana kama ɗakuna, ana biya daga baitulmali. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, sai tarurruka suka ragu, masana'antu suka shiga rufewa, baƙin ƙasashen waje suka yi ta raguwa. Kuɗin gyaran famfo da injin wuta da rufin ɗaki kuwa sai an jira kasafin kuɗi daga ma'aikata a cikin birni.

Dalili na biyu shi ne, tun asali ba a gina wuraren don talaka ba. Malamin firamare ko ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke son ya kai iyalinsa su ga ruwa su dawo kafin Magariba ba ɗakin kwana yake bukata ba. Inuwa yake so, da wurin zama, da wurin alwala da salla, da abinci daidai aljihunsa, da motar da za ta kai shi ta dawo da shi. Ba a yi masa tanadin wannan ba. Da manyan baƙi suka ɗauke ƙafa, babu ƙananan da za su riƙe wurin.

Sa'an nan a watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwa ya ci gonaki da gidaje da rayuka. An sake gina ta, amma otal ɗin bai farfaɗo ba. Daga baya aka miƙa gine-ginensa ga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda reshenta na Kano ke zaune a Bagauda. Wannan ya ceci ginin daga zama kufai, amma ya cire shi daga lissafin masu yawon buɗe ido. Shi kuwa Rock Castle an daɗe ba a jin ɗuriyarsa a cikin masaukan da baƙo kan nema idan ya sauka Kano.

ABIN DA BAƘO ZAI GANI

Otal ya mutu, amma ruwa bai tafi ko'ina ba. Wanda ya je Tiga da sassafe zai tarar da masunta suna dawowa da kwale-kwalensu, ana sauke karfasa da tarwaɗa, mata na soyawa a nan take. Ƙasar wajen Rano da Rurum ƙasa ce ta duwatsu manya-manya, waɗanda suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, ga ruwa a gindinsu. Da hunturu tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sukan sauko dausayoyi da tafkunan Arewa. A kan hanya kuma, tun daga Kura har Kadawa, mutum zai ga shinkafa da alkama da tumatir da albasa kore shar a tsakiyar watan Fabrairu, lokacin da sauran ƙasa ta bushe ƙayau. Ga yaron da aka haifa a Fagge ko Kurna, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwarsu ba, wannan makaranta ce guda. Gani ya kori ji.

Masu zuwa kuwa akwai su. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Filayen wasa da na shan iska a cikin birni sun koma shaguna, kududdufai an cike su an yi gini. Makarantu masu zaman kansu kan nemi inda za su kai ɗalibai ziyara. 'Yan fim na Kano kan nemi bakin ruwa don ɗaukar hoto. Ga kuma masu dawowa daga Kurmi da Abuja da Saudiyya lokacin Salla da kuɗi a aljihu. Cunkoson gidan namun daji shi kansa shaida ne cewa mutanen Kano suna son fita, kuma a shirye suke su biya kuɗin shiga. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta karrama a 2016, ya daɗe da nuna cewa ruwa da kifi suna iya tara dubban baƙi a ƙasar Hausa.

Har ila yau, akwai wata fa'ida da ba a cika kula da ita ba. Ruwan Tiga da Challawa ana jayayya a kansa. Manoman Kadawa na so, birnin Kano na so, mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa kuma sun daɗe suna kukan cewa tun da aka datse kogunan nan ambaliyar da ke shayar da fadamunsu ta canza, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Duk wanda ya ɗebi guga ɗaya, wani ne ya rasa. Amma mai yawon shaƙatawa ba ya rage ko cokali guda. Ya zo, ya kalla, ya ci kifi, ya biya, ya tafi, ruwa na nan yadda yake. Cikin sana'o'in da tafki ke iya ɗauka, wannan na cikin waɗanda ba sa shiga rabon ruwa.

CIKAS NA FARKO: RAI

Duk da haka, wanda ya ce a buɗe ƙofa gobe a kira jama'a bakin ruwa bai yi wa jama'a adalci ba. Ran 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a tafkin Watari, a tsakanin ƙauyen Badau da garin Bagwai. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Waɗannan ba 'yan yawon shaƙatawa ba ne, mutanen wurin ne da tafkin ya raba su da hanya, ba su da wata mafita sai jirgi. Idan har ba a iya tsare ran ɗan gida wanda ya tashi a bakin ruwan ba, yaya za a yi da ɗan birni wanda bai taɓa shiga kwale-kwale ba?

Dokoki dai akwai su. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, ta wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa, ta hana lodi fiye da ƙa'ida, ta hana tafiyar dare. Abin da babu shi ne mai tsayawa a bakin gaɓa ya ƙirga kawuna. A nan 'yan Arewa mazauna Legas shaidu ne. Jihar Legas ta kafa tata hukumar, LASWA, a 2008, kuma wanda ya taɓa shiga jirgi daga Ikorodu zuwa cikin gari ya san a manyan tashoshi ba a barin fasinja ya zauna sai da rigar nan a jikinsa. Haɗari bai ƙare a Legas ba, amma an nuna cewa abu ne mai yiwuwa a saba wa jama'a da doka idan akwai ma'aikaci a wurin kullum. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kafin a ɗora tubali ɗaya na masauki, wajibi ne kowane mashigi a tafkunan Kano ya sami jirgi mai rajista, da riguna, da gwanayen iyo daga cikin 'ya'yan masunta waɗanda za a ɗauka aiki a riƙa biyansu.

CIKAS NA BIYU: LAFIYAR RUWA

Ba kowane ruwa mai kyan gani ne ke da lafiya ba. Likitoci sun daɗe da sanin cewa cutar tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini, ta yawaita a garuruwan da ke bakin madatsun ruwa da magudanan noman rani na Kano. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan dodon-koɗi na cikin ruwa take girma, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ba tare da ya sani ba. Tana da magani mai sauƙi, amma idan aka bar ta takan lalata mafitsara. Ma'anar wannan ita ce, wurin shaƙatawa a bakin tafki ba wurin sakin yara su faɗa ruwa ba ne. Sai an kafa alamu, an yi shinge, wanda ke son iyo a gina masa kwamin wanka mai ruwa tsaftatacce a gefe.

Tafkin Wasai kuwa matsalarsa ta fi haka. Shi ne mafi kusa da birni a cikin manyan tafkunan, amma Kogin Jakara da ke cika shi ya ratso tsakiyar Kano ne ɗauke da ƙazantar gidaje da ta mayanka, sa'an nan rafin Getsi ya haɗe da shi ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, har da na majemu. Masana a jami'o'in Kano sun sha auna ruwan suna samun gubar ƙarafa a ciki. Duk wani shirin kai baƙi Wasai dole ya fara daga tilasta wa masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi.

CIKAS NA UKU: BANGON DA KE RIƘE DA RUWAN

Bayan ɓallewar Bagauda, injiniyoyi sun sake duba Tiga, kuma a 1992 aka rage tsawon mafitar ruwanta don a sauƙaƙa wa bangon nauyi, abin da ya rage yawan ruwan da take ɗauka da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan mataki ne na hankali. A 'yan shekarun baya kuma shirin TRIMING na Bankin Duniya ya yi gyare-gyare a magudanan Kogin Kano. Amma yawancin madatsun jihar na ƙasa ne, sun haura shekara 40, wasu sun kai 50, kuma yashi da laka na ta taruwa a cikinsu. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Alau ma wuri ne da mutanen Maiduguri suka sani da zuwa shan iska. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ɗan kasuwa mai hankali ba zai zuba dukiyarsa a gindin bangon da ba a san ranar da aka duba shi ba.

WA KE DA WURIN?

Akwai kuma rikicin iko. Jihar Kano ce ta gina Tiga, amma bayan an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976 sai ta koma hannun Gwamnatin Tarayya, haka ma Challawa. Sauran, irin su Watari da Thomas, suna hannun jiha. Filin da ke kewaye da ruwan kuwa a ƙarƙashin Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 Gwamna ke da iko da shi, ga kuma hakimai da dagatai da ƙananan hukumomi. Mai son ya kafa rumfunan baƙi a bakin Tiga zai yi ta yawo daga ofis zuwa ofis bai san takardar wa ce za ta tsare shi ba idan gwamnati ta canza. A Kano kuwa an sha ganin sabuwar gwamnati ta soke abin da ta gabanta ta bayar. Mai kuɗi ya ga haka sai ya kai kuɗinsa ga gina shaguna a cikin birni.

Kada kuma a manta da mutanen ƙauyukan da ke gaɓa. Dubban mutane aka tasa daga gonakinsu da kushewun iyayensu sa'ad da ruwan Tiga ya taru. Jikokinsu ne masuntan yau da masu fito da masu suyar kifi. Idan aka zo aka kewaye gaɓa da waya, aka sa ɗan sanda a ƙofa, aka ɗauko ma'aikata daga birni, to, an tashe su sau biyu ke nan. Tsaron wurin ma a hannunsu yake. Dajin Falgore ya yi shekaru yana zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan fashi kafin sojoji su kafa sansanin horo a cikinsa, kuma baƙo ba ya zuwa inda zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ƙauyen da ke cin abinci daga baƙi shi ne zai fara kai rahoto idan ya ga baƙuwar fuska a daji.

Daga ƙarshe akwai maganar al'ada. A kunnen magidanta da yawa a Kano, kalmar otal da bakin ruwa tana tafe da zargin giya da masha'a, kuma jiha ce mai bin Shari'a tun shekarar 2000, mai hukumar Hisba. Waɗansu na ganin wannan a matsayin abin da zai kashe harkar. Gaskiyar magana ita ce, wurin da ya yi kama da mashaya ba zai zauna lafiya a Kano ba, amma wurin da aka tsara don iyali, da masallaci, da ɓangaren mata da yara, da lokacin tashi kafin duhu, shi ne zai fi samun ciniki, domin masu irin wannan bukata su ne mafi rinjaye.

DARASI DAGA KUDU

Mazauna Badun sun san labarin lambun Agodi. An buɗe shi a 1967, ambaliyar Ogunpa ta 1980 ta lalata shi, ya yi shekaru a yashe, sa'an nan Gwamnatin Oyo ta gyara shi aka sake buɗewa a 2014. Ba wani katafaren masauki aka gina ba. Ɗan tafki ne da itatuwa da wurin wasan yara da kuɗin shiga daidai ƙarfin mutane, kuma ranar biki ba masaka tsinke. A Abuja tafkin Jabi shi ma na haƙawa ne, bai kama ƙafar Tiga a girma ba, amma saboda yana da hanya da haske da masu gadi, jama'a na zuwa, har aka buɗe babban kanti a bakinsa a 2015. A Legas kuwa, tun bayan da aikin Eko Atlantic ya cinye Bar Beach, jama'a suka koma gaɓar Lekki suna biyan kuɗi su shiga, kuma a ranar Salla 'yan Arewa na cikin masu cika wuraren nan. Mutumin da ke biyan kuɗi ya kalli teku a Legas ba zai ƙi biya ya kalli Tiga a gida ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Kuskuren da za a guje masa shi ne maimaita na farko, watau a ware miliyoyin Naira a ba da kwangilar farfaɗo da wani babban otal, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, bayan shekara uku jemagu su tare. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da ƙarami. A zaɓi tafki ɗaya ko biyu, misali Tiga da Watari. Gwamnatin jiha da Hukumar Haɗeja da Jama'are su zauna su sa hannu a takarda guda, a san wanda ke ba da izini da wanda ke karɓar haraji. A gyara 'yar hanyar da ta ratse daga babban titi zuwa gaɓa. A kafa rumfuna da makewayi da masallaci da ɗakin shan magani. A ba ƙungiyar masunta jirage da riguna, a rubuta sunan kowane direban jirgi. A sa motoci su riƙa tashi daga cikin birni ranakun Asabar da Lahadi da lokacin bukukuwa. Wani kaso na kuɗin shiga ya tsaya a ƙauyen, a rubuce, kowa ya sani. Idan jama'a suka saba zuwa, masauki zai zo da kansa, kuma 'yan kasuwa ne za su gina shi da kuɗinsu.

A nan ne maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu kai tsaye. A cikinsu akwai fataken shanu da dillalan kayan gwari da 'yan canji da masu manyan motoci, waɗanda suka ga yadda ake juya irin wannan sana'a a Legas da Badun da Fatakwal, kuma suna da ƙungiyoyi da sarakunan Hausawa da hukuma ke sauraro. Suna da bakin da za su tambayi wakilansu a Majalisar Dokokin Kano abin da aka yi a Bagwai tun bayan 2021, da ranar da aka duba bangon Watari da na Thomas. A cikinsu kuma akwai dubban samari daga Rano da Bebeji da Bagwai da Ƙaraye masu tura baro da gadi da acaɓa, waɗanda da akwai abin yi a bakin ruwan garinsu da ba su kwana a ƙarƙashin gada a Legas ba. Audu Bako ya tare ruwan nan ne domin ɗan Kano ya sami sana'a a gida da rani. Noman rani ya cika wani ɓangare na wannan buri, saura kuwa yana nan yana jira a bakin gaɓa.

Wata Sallar na tafe, motoci za su sake cika a Agege da Ojoo, yara kuma za su sake yin tambayarsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanni ikon gyarawa, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya kai matafiya gida lafiya.